Daɓe da Tarihinsa

Hausa tana da kalmomi da dama na sa abu ya haɗu ya cika jiki, kowace kuwa da muhallinta. In kunu ya tsinke, uwargida ta kan ƙara ƙullu ta kaurara shi. Man shanu in ya kwana cikin sanyi a ce ya daskare. Mai auduga ya kan danƙara ta cikin buhu don buhun ya ci da yawa. Amma akwai wata kalma wadda tun asali ba a faɗinta sai ga ƙasa, watau daɓe. Tana cikin babban ƙamus ɗin nan na Bargery da aka buga a 1934. Yaran yanzu sun san kalmar, amma da yawansu ba su taɓa ganin aikin ba.

Daɓe shi ne a yi ta bugun ƙasar ɗaki ko ta tsakar gida har ta liƙe ta zama kamar dutse. Abin da a ke bugun da shi sunansa madaɓi, itace ne da masassaƙi ya ke fafe masa mariƙi, ya bar gindinsa da faɗi. A kan kawo jar ƙasa da tsakuwa ko marmara, a baje, a yayyafa ruwa, sa'an nan a kama bugu. Bayan haka sai a zo da ruwan makuba, watau ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ruwan ya yi ja wur, a riƙa yayyafawa ana ƙara bugu. Makuba ita ke hana ruwa cin daɓen, ita ke ba shi duhun nan mai sheƙi.

Sana'ar gyaran ƙasar ɗaki ta daɗe ƙwarai a ƙasashen nan. A 1965 da 1966 wani masani, Graham Connah, ya haƙa tudun Daima a ƙasar Barno, kusa da Tafkin Chadi, ya tarar da wuraren da mutanen dā suka jera tsingaro suka shimfiɗa a ƙasa, an kuwa bar garin tun shekaru ɗaruruwa da suka wuce.

A ƙasar Hausa gini na maza ne, daɓe na mata. Magini in ya gama bango ya ɗora rufi, aikinsa ya ƙare. Sai matan gida su aika wa maƙwabta da dangi, a yi gayya, musamman in ɗakin amarya ne, don ba a yin jere sai an daɓe. Su kan durƙusa a jere, ɗaya ta ba da waƙa saura su amsa, madaɓai na sauka tare. Wanda ya tsaya a zaure zai ce wasa su ke yi, amma waƙar ce ke daidaita hannuwa, don kada wani gefe ya sha bugu wani ya zauna sako-sako. Cikin waƙoƙin nan ne kuma a ke sakin habaicin da ba a iya faɗi da baki, kishiya ta ji nata, uwar miji ta ji nata, ba mai cewa an zage shi.

To, me ya sa bugu ke ƙarfafa ƙasa? Ƙasar da aka baje cike ta ke da 'yan ƙofofi tsakanin ƙwayoyinta, iska na ciki. Kowane bugu yana korar iskar, ƙwayoyin su matsu, ƙanana su shige tsakanin manya. Ruwa shi ke sa su zame su sami wurin zama. In ya yi kaɗan ƙasar sai ta yi ta watsewa, in ya yi yawa ta zama taɓo, madaɓi ya riƙa nutsewa. Tsohuwar da ta ƙware da hannu ta ke gane daidai, ta damƙi ƙasar ta ga ko ta dunƙule.

A 1933 wani injiniya a Amurka, mai suna Proctor, ya fito da hanyar auna wannan abu don masu gina madatsun ruwa. A zuba ƙasa cikin gwangwani hawa uku, kowane hawa a sakar masa guduma mai nauyin laba 5 da rabi daga tsawon ƙafa ɗaya har sau 25, sa'an nan a auna. A sake da ruwa kaɗan, a sake da mai yawa, har a gane ruwan da ya fi sa ƙasar matsuwa. Har yau masu yin hanyar mota da shi su ke aiki. A ganina abin da ya ƙara a kan sanin iyayenmu mata shi ne ma'auni da rubutu, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, gama abin da aka rubuta ba ya bin mai shi kabari.

Siminti ne ya karɓe aikin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya sauƙaƙa kawo kaya masu nauyi daga bakin teku. Daga baya aka buɗe masana'antar siminti a Nkalagu a 1957, ta Kalambaina kusa da Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka a 1979. A birane daɓe ya fita daga hannun mata ya koma na birkila, gayya ta koma jinga. Sai dai a ƙauyuka har yanzu a kan sami masu yin na dā.

Kalmar kuwa ba ta tafi ba. Mutum ya kan ce zai yi wa ɗakinsa daɓen siminti, alhali siminti ba bugu ke ƙarfafa shi ba, haɗuwarsa da ruwa ce ke sa ya sandare. Duk da haka birkilan kirki ba ya zuba shi sai ya jiƙa cikon da ke ƙarƙashi ya sa an buge shi sarai. Inda aka yi gaggawa aka tsallake wannan, damina ɗaya ko biyu cikon ya kan zauna, simintin ya tsage, in an taka a ji yana ƙara kamar ganga.