Wa Ke Riƙe da Amanar Ɗan da Ya Tafi Karatu?

Tun kafin boko, gabas ce alƙiblar mai neman Alƙur'ani a ƙasar Hausa, kuma Birnin Kudu da Gwaram suna wannan ɓangare na tsohuwar ƙasar Kano. Mutanen nan sun daɗe da sanin yadda ake rabuwa da ɗa saboda karatu. Idan aka bi tarihin al'adar daga tsangaya zuwa makarantar kwana har zuwa jami'a, za a ga duk tsarin da iyaye suka yarda suka miƙa wa 'ya'yansu yana tsaye ne a kan abu biyu: mutum sananne da ya karɓi amana da hannunsa, da hanyar da labarin yaro ke bi ya koma gida. Hujjata ita ce jami'a, wadda ta fi duk magabatanta likita da magani, ita ce ta fi su rauni a waɗannan abubuwa biyu, kuma raunin yana iya cin rai.

A tsangaya uba ne ke kai yaro da ƙafarsa, ko ya damƙa shi ga malamin garinsu da zai fita ci-rani bayan an gama girbi. Kalmar da ake faɗa ita ce amana, kuma tana da nauyi domin malamin ba baƙo ba ne. An san gidansu, an san surukansa, da damina zai dawo ya yi noma a cikin mutanen da suka ba shi 'ya'yansu, ya haɗa ido da su a masallaci. A ƙarƙashinsa akwai gardawa masu lura da ƙolaye, a cikin gari kuma yaro kan samu uwar ɗaki da yake yi wa aike tana ba shi tuwo, wadda sau da yawa ita ke fara gane jikinsa ya yi zafi. Maganin bai wuce rubutu da tofi da sassaƙe da ƙahon wanzami ba, kuma ƙyanda da agana sun kwashe yara da yawa a gaban malamai masu tsoron Allah. Amma labari yana tafiya. Fatake da 'yan koli masu cin kasuwannin mako suna ɗauke da saƙo daga gari zuwa gari, kuma in ciwo ya yi tsanani, abin da aka sani shi ne a aika gida ko a mayar da yaro wurin uwarsa.

Makarantar kwana ta zo da wani irin alhaki. Makarantar Birnin Kudu, wadda aka kafa tun zamanin Turawa kuma aka fi sani da Kwalejin Gwamnati, ta tara yara daga gundumomin Kano masu nisa da juna, kuma cikin waɗanda suka bi ta cikinta daga baya akwai Aliko Ɗangote da Abdullahi Umar Ganduje. A farkon boko iyaye da yawa ba su ba da 'ya'yansu da son rai ba. Hakimi ne ke neman yara, ya sa dagaci, dagaci ya sa mai unguwa. Wannan tilas ne, ba na ƙawata shi. Sai dai igiyar da ta jawo yaro ita ce kuma ke komar da labarinsa: wanda ya shiga gida ya ce a ba da ɗa, shi za a tare gobe a tambaye shi ina ɗan yake, shi kuma yana da wanda zai tambaya a sama, har zuwa hakimi da ofishin En'e a Kano. A cikin makarantar akwai malamin da ke kula da kowane ɗakin kwana, akwai ɗakin shan magani, akwai duba tsabta, akwai sakamakon jarrabawa da ake kaiwa gida da sa hannun shugaba, daga baya aka saba da ranar ziyara. Garin kuma ya samu babban asibiti, wanda a yau yake Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da makarantar koyon aikin jinya. A karo na farko amana da magani suka zauna wuri ɗaya.

Zaman bai ɗore ba. Shekarar 1976 ta zo da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ta zo kuma da gyaran ƙananan hukumomi da ya rufe babin En'e. Yara suka ninka, ikon hakimi a kan makaranta ya ja baya, ba a kuwa ɗora wani a gurbinsa ba. Tsangaya ma ta canza da malamai suka tare a birane suka daina komawa noma. An ga ƙarshen wannan a 2020, lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu, Jigawa ta karɓi nata aka killace su kafin a nemi iyayensu. Tsarin da aka gina a kan sanin juna ya kai inda sai hukuma ta yi cigiya.

A wannan yanayi jami'a ta iso. An ƙirƙiri Jigawa a 1991, Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, ta jiha a Kafin Hausa a 2013. Kafin nan ɗan Gwaram ko Birnin Kudu sai ya tafi Kano ko Zariya ko Maiduguri. Jami'a a Najeriya tana da asibitinta, da sashen kula da harkokin ɗalibai, da inshorar lafiya ta ɗaliban manyan makarantu. Abin da ba ta da shi shi ne mutum ɗaya da uba zai kira da suna ya ce ɗana yana hannunka. An ɗauko tsarinta daga Ingila a kan cewa ɗalibi baligi ne mai riƙe da kansa, alhali yaran da ke shiga yau da yawansu ba su wuce shekara 17 ko 18 ba, kuma wani shi ne na farko a gidansu da ya taɓa kaiwa nan.

Sanƙarau ne ya fi nuna haɗarin wannan giɓi. Cuta ce ta rani, tana tashi da ƙurar hunturu ta tsananta a zafin bazara, tana son ɗakin da aka cunkusa mutane babu iska. Zazzaɓi ne da ciwon kai da sanƙarewar wuya, kuma tana iya kashewa cikin kwana ɗaya. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A shekarar ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kusan 200, kuma ƙorafin da iyaye suka kai kotu shi ne ba a yi musu bayanin abin da ake yi wa 'ya'yansu ba. Rashin yardar da ta biyo baya na cikin abin da ya sa allurar shan inna ta sha wuya a Arewa bayan 'yan shekaru. A farkon 2024 cutar ta kashe ɗalibai a makarantun kwana na yankin Potiskum, a kan wannan hanya ta gabas, kuma a shekarar Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar, Jigawa na cikin jihohin farko. Magani ya ci gaba ƙwarai. Amma a cutar da ake ƙirga ta da awa, rai yana hannun wanda ya lura da wuri cewa gadon wane bai motsa ba tun safe, ya kuma san aikinsa ne ya ɗauke shi.

Za a ce wayar hannu ta gama da wannan magana, tunda ɗalibi zai kira gida duk lokacin da ya so. Waya tana ɗaukar labarin mai lafiya ne. Wanda zazzaɓi ya gusar wa da hankali ba ya kira, wanda damuwa ko ƙwaya ta kama kuwa ɓoyewa yake yi, kuma kunyar ɗan Bahaushe ga iyayensa tana taya shi ɓoyewar. Idan kuma abu ya faru a makaranta, jita-jitar WhatsApp kan riga sanarwar hukuma isa ƙauye, sanarwar kuma in ta zo da Turanci take zuwa, a shafin intanet da manomin Gwaram ba zai buɗe ba.

Za a kuma ce ɗalibi yana da sirrinsa, kuma wannan ƙorafi ya fi na farko ƙarfi. Gaskiya ne budurwar da ta san duk abin da ta gaya wa likita zai isa kunnen babanta ba za ta je asibitin ba, kuma akwai gidajen da labarin ciwo kaɗai ya isa a cire 'ya daga makaranta a yi mata aure. Wannan dalili ne na a ja iyaka. Abin da ke tsakanin ɗalibi da likita nasa ne. Ɓarkewar annoba a ɗakin kwana, da gurɓatar ruwan sha, da rufe makaranta, da kwantar da yaro ba ya cikin hayyacinsa, waɗannan haƙƙin gida ne. Ɗalibi ma yana iya zaɓar wanda za a kira, ko kawu ko gwaggo ko yaya, kamar yadda almajiri ke zaɓar uwar ɗakinsa.

Saura batun yawa: malamin tsangaya yara kaɗan yake riƙe, jami'a dubbai. Amma shi ma ba shi kaɗai yake riƙe su ba, gardawa yake rarraba wa, kamar yadda makarantar kwana ta rarraba su ɗaki ɗaki. Takardar shiga jami'a tana da layin da ake rubuta sunan wanda za a tuntuɓa. Abin da ya rage shi ne a ba ma'aikaci mai suna adadin ɗalibai da zai iya sani, har da masu haya a cikin gari, lambarsa ta kasance a hannun iyaye tun ranar rajista. Ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi sun riga sun san wane ɗan wane ne a Gwaram da Birnin Kudu, a jawo su cikin aikin. Sanarwar lafiya kuma ta fita da Hausa a Rediyo Jigawa da ta waya tun watan Disamba, a faɗi wanda aka yi wa allura, da yawan masu kwana a ɗaki, da asibitin da za a kai ɗalibi in ya faɗi da tsakar dare.