TARIHIN RINJAYE A GEM: YADDA ƁANGARE ƊAYA KE CINYE WASA HAR YA KASHE SHI

Yau za mu ɗan ajiye saitin waya a gefe, mu taɓa tarihi.

In ka taso a Ruwan Bago ko wani gari na ƙasar Rogo da Ƙaraye, ka san yadda langa ke watsewa a dandali. Da zarar manyan yara sun taru gefe guda, aka yi zagaye biyu uku su ke ci, sai ƙanana su fara zamewa: wannan an aike shi, wancan ƙafa na ciwo. Kafin ka ankara masu ƙarfin sun rage su kaɗai, ba abokin karawa. To wannan matsalar ce ta shafe kusan shekara 20 tana hana manyan kamfanonin gem barci.

YADDA ABIN YA FARO

A watan Nuwamban 2004 kamfanin Blizzard na Amurka ya saki World of Warcraft, gem ɗin kwamfuta da dubban mutane ke bugawa lokaci guda ta intanet. An raba duniyarsa gida biyu, Horde da Alliance. Tun ranar da ka ƙirƙiri jaruminka za ka zaɓi gida, kuma a wancan lokacin ba ka da damar haɗa tawaga da ɗan ɗaya gidan, ko maganarsa ma ba za ka gane ba.

Ga inda gizo ke saƙar. A ce a wata saba 'yan Horde sun ɗan fi yawa. Ɗan Alliance ya fita neman maki, mutum uku su tare shi su kashe. Ya dawo, a sake. Bayan mako guda ya gaji ya daina, ko ya koma wata saba. Tafiyarsa ta ƙara wa Horde rinjaye, wanda ya rage kuma ya ƙara shan wuya. Sabon shiga ma tambayarsa ɗaya ce: ina abokaina suke, kuma su wa ke ci?

Kar ka ɗauka masu rinjayen sun ji daɗi. A 2005 an kawo filayen daga masu adadi daidai: Warsong Gulch mutum 10 da 10, Alterac Valley 40 da 40. Tunda sai an samu abokan gaba kafin a fara, gidan da ya fi yawa shi ke zaman jiran layi, ƙaramin gida kuwa yana dannawa yake shiga.

MAGUNGUNAN DA AKA GWADA

2006: aka haɗa 'yan saba daban-daban a filin daga ɗaya don rage jira.

2007: irin jaruman da a da gida ɗaya ne kawai ke da su, wato Paladin na Alliance da Shaman na Horde, aka ba kowane gida, don kar wani ya ce an fifita wani.

2008: a filin Wintergrasp aka riƙa ƙara wa 'yan ƙaramin gida jini da ƙarfin duka. Mutum ɗaya ya zama ƙato, amma ba zai tsare ƙofa uku lokaci guda ba. Hausawa sun riga sun faɗa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

2009: aka ba da damar biyan kuɗi a sauya gida. Kai ma ka san inda mai biyan kuɗinsa zai nufa, ai ba wajen masu shan kaye ba.

2015: aka ƙyale 'yan gidan da ke jira su yi wa abokan gabarsu sojan haya.

2018: aka sa lada. Mai buɗe kansa ga faɗa yana samun ƙarin kashi 10 cikin 100, ƙaramin gida kuwa nasa kan kai har kashi 30.

Duk da haka, da aka dawo da tsohon tsarin gem ɗin a 2019 da sunan Classic, saba da dama suka koma kusan gida ɗaya zalla. A ƙarshen Mayun 2022 Blizzard ta sassauta: 'yan Horde da Alliance suka fara shiga tawaga ɗaya. Katangar shekara 17 da ɗoriya ta tsage.

DABARAR GIDA UKU

Masu zuwa gidan dambe sun san Kudu, Arewa da Guramaɗa. Tun 2001 gem ɗin Dark Age of Camelot ya yi irin wannan rabon: Albion, Midgard da Hibernia. Hikimar ita ce, in ɗaya ya yi ƙarfi sai biyun su taru a kansa. Wani lokaci tana aiki. Amma Pokémon GO na 2016 ya nuna ba kullum ba: cikin shuɗi, ja da ruwan ɗorawa, 'yan ruwan ɗorawa suka zama 'yan tsiraru a wurare da yawa, har a 2019 kamfanin Niantic ya fara sayar da damar sauya gida sau ɗaya a shekara.

TO NA WAYARKA FA?

Free Fire na 2017, PUBG Mobile na 2018 da Call of Duty Mobile na 2019 ba su da gida na dindindin. Kowane wasa na'ura ce ke raba mutane gwargwadon matsayinsu, dabarar da ta samo asali daga lissafin Arpad Elo, wanda hukumar wasan cas ta duniya ta karɓa a 1970. Shi ya sa in ka buɗe sabon akawun a PUBG za ka ga kana ta kisa cikin sauƙi: da yawansu 'yan na'ura ne aka zuba maka don kar ka gudu tun ranar farko.

Sai dai rinjaye bai mutu ba, kama ya canja. Wanda ke kusa da saba yana ganinka kafin ka gan shi, kai kuma sabis na ta rawa. Ɗan tawagarku ɗaya data ta yanke masa ko caji ya ƙare, kun koma uku da huɗu. Wannan na'ura ba ta iya gyara muku.

Wanda ke hannunku shi ne na cikin gari. In kun buɗe ɗakin wasa na kanku a shagon caji ko majalisa, gwanaye biyu su zama shugabanni, su riƙa zaɓar mutum ɗaya-ɗaya bi da bi. Mai babbar waya kar a haɗa shi da wani mai babbar waya. Gefe ɗaya ya ci sau uku a jere, a sake rabo. Wallahi yaron da kuka lallasa sau goma yau, gobe ba zai saka datarsa ba, jibi kuma ku ne za ku rasa da wa za ku buga.

A garinku yaya kuke rabon tawaga? Ku faɗa mana, ku kuma tura wa abokin nan naku da kullum sai ya bi gefen masu ci.