Daga Gawa Zuwa Zanen Goyo

Na daɗe ina ɗaukar shekarar 1922, lokacin da aka fara yi wa wani yaro allurar insulin a Toronto, a matsayin ƙarshen labarin ciwon sukari na ƙuruciya. Ashe mafarinsa ne. Allurar ta hana mutuwa, amma ba ta faɗi abin da ke hallaka ƙwayoyin da ke samar da insulin a cikin pankiriyas ba.

Gawa ce ta fara ba da shaida. A 1965 Willy Gepts, likita a Beljiyam, ya duba pankiriyas na matasan da suka rasu jim kaɗan bayan bayyanar cutar, ya tarar ƙwayoyin garkuwar jiki sun yi wa masu samar da insulin ƙawanya. Ɓarawon na cikin gida ne. A 1974 aka gano makaman wannan hari a jinin majinyata a Landan, aka kuma alaƙanta cutar da ƙwayoyin gado na HLA, waɗanda ke koya wa jiki bambance ɗan gida da baƙo.

Daga nan aka duƙufa kan karatun gado. Binciken Wellcome Trust na 2007 a Birtaniya ya lalube kundin gadon majinyata 2,000, kuma yau an san wurare fiye da 50 masu hannu a cutar. Sai dai, a ganina, gado zargi kawai yake yi, ba ya kama mai laifi: tagwaye masu gado ɗaya, wani ya kamu, ɗan'uwansa ya tsufa lafiya.

Nazarin furotin ne ya matso kusa da inda ake ɓarnar, domin furotin shi ne abin da ƙwaya ke ƙerawa a zahiri. A 2016 masana a Colorado suka gano cewa guntun insulin kan manne da guntun wani furotin, a sami sabon abu wanda ba a rubuta shi haka a gado ba. Garkuwa ta ga baƙuwar fuska, ta kai hari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken TEDDY, wanda tun 2004 ya bi jarirai fiye da 8,000 a Amurka, Finland, Jamus da Sweden. Alamun harin kan bayyana a jini shekaru kafin ƙishirwa da rama. Uwa tana goye da ɗa lafiyayye, a ce mata yaƙi ya soma. Sai a 2022 Amurka ta amince da teplizumab, maganin da ke jinkirta bayyanar cutar da kimanin shekara biyu.