Tsoho Ba Ya Jure Doguwar Kwanciya

Lokacin da na fara aikin jinya a sashen ƙashi, kwanciya muka gada. In an kawo dattijo ya karye a ƙugu, sai a ɗaura wa ƙafar igiya, a rataya mata nauyi a ƙarshen gado, a yi ta jira makonni. Masu ɗori ma haka: a ja, a shafa magani, a jera karare a ɗaure, a ce kada ya motsa. Ban raina ɗori ba. Kafin a buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano a 1959, su ne gatan duk wanda ya karye. Sai dai kan ƙashin cinya yana can cikin tsoka, kara ba ya isa gare shi.

Kwanciyar ce ke cinye tsofaffi. Gyambo ya ɓulla a gadon baya, majina ta taru a huhu, jini ya daskare a jijiyar ƙafa, mai hankalinsa garau ya fara sambatu. Na ga wannan sau ba adadi, har yau yana damuna.

Tun ƙarshen shekarun 1950, a garin Hastings na Ingila, likitan ƙashi Michael Devas da likitan tsofaffi Bobby Irvine suka haɗa kai: a yi wa tsoho tiyata da wuri, a tsayar da shi da ƙafarsa, a kula da sauran cututtukansa. Mu kam mun makara. Sai a 2012 aka buɗe cibiyar kula da tsofaffi ta farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Ibadan. Nan Bauchi, tsohon asibitin ƙwararru ya koma Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa a 2010.

A unguwarmu Gwallameji, achaba da keke na ta jigilar ɗaliban Foliteknik a hanyar Dass, amma yawancin tsofaffin da na ga sun karye ba a hanya ba ne, a gida suka faɗi. Wata maƙwabciyata santsin siminti ya kwashe ta wajen alwalar asuba. Ina ɗaga zane na ga ƙafar ta gajarce, tafin ya kwanta waje. Jikanta ya ce, "Targaɗe ne, Baba."

Na ce a nemo mota. Aka yi hoto, aka sa mata ƙarfe, cikin kwanaki kaɗan tana dogara keken koyon tafiya.

Don Allah, in tsohonku ya faɗi ya kasa tashi, ku kai shi a yi hoto a ranar.