Wuƙa Mai Kube da Wuƙar Aljihu a Kasuwar Maƙeran Amurka

Kasuwar wuƙaƙen ƙirar hannu a Amurka, wato waɗanda maƙeri guda ke yi ɗaya bayan ɗaya yana buga sunansa a jikinsu, ta ginu ne da farko a kan wuƙa mai kube, wadda ruwanta da mariƙinta suke haɗe ba sa naɗewa. Bo Randall, wanda ya fara ƙira a Orlando ta jihar Florida a ƙarshen shekarun 1930, yana cikin waɗanda suka kafa wannan kasuwa, domin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojoji sun yi ta neman wuƙaƙensa, bayan yaƙin kuma mafarauta suka gaji wannan sha'awa. Da aka kafa ƙungiyar Knifemakers' Guild a 1970, tare da Bob Loveless cikin waɗanda suka assasa ta, wuƙar farauta ce ta mamaye wuraren baje koli, sannan a 1973 Bill Moran ya ƙara mata daraja da ya farfaɗo da ƙarfen Dimashƙa, wanda ake samu ta hanyar haɗa ƙarafa a wuta ana ninkawa ana duka har zane ya bayyana a jikin ruwan.

Wuƙar aljihu, wadda ruwanta ke naɗewa ya shige cikin mariƙi, ta daɗe a hannun masana'antu, kuma ana kallonta a matsayin kayan ƙananan ayyuka har 1964, lokacin da kamfanin Buck ya fitar da samfurinsa na 110 mai makulli da ke riƙe ruwan a buɗe. Bayan haka Michael Walker ya inganta makullin da ake saki da yatsa ɗaya a wajajen 1980, kamfanin Spyderco ya zo da maƙalar aljihu da ramin buɗewa da babban yatsa a 1981, sai maƙera irin su Chris Reeve da Ernest Emerson suka ja masu saye zuwa wannan fanni a shekarun 1990. Dalilin sauyin yana ga masu sayen kansu, domin mazaunin birni ba ya iya rataya kube a ƙugu ya shiga ofis, kuma dokokin wurare da dama sun fi tsananta wa wuƙar da ba ta naɗewa.

Wannan sauyi ya raba sana'ar gida biyu. Wuƙa mai kube ta zauna a hannun masu wuta da guduma da uwar maƙera, waɗanda ƙungiyar American Bladesmith Society, da aka kafa a 1976, ke jarrabawa ta hanyar sa wuƙarsu ta yanke igiya, ta sare katako, ta aske gashi, a kuma lanƙwasa ta ba tare da ta karye ba. Wuƙar aljihu kuwa tana buƙatar injinan sassaƙa ƙarfe da awo mai tsauri, shi ya sa takan fi tsada, kuma a kanta ne aka fi jayayya game da iyakar abin da ya cancanci a kira shi ƙirar hannu. Jayayyar tana da muhimmanci, domin abin da mai saye ke biya a wannan kasuwa shi ne ƙwarewar mutum guda da amanar sunansa.