Daga Baba ta Karo zuwa wayar aljihunka

'Yan uwa marubuta, kafin wani ya ɗauki waya ya je naɗar muryar tsoho, bari mu waiwayi yadda aka faro wannan aiki.

A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a Giwa ta ƙasar Zazzau, wata tsohuwa mai suna Baba ta yi makonni tana ba Mary Smith labarin rayuwarta. Baba na faɗa, Baturiyar na rubutawa da hannu. Baba ta rasu a 1951, littafin Baba of Karo ya fito da Turanci a 1954. Mun sami labarin bauta da aure da zuwan Turawa daga bakin mace, amma muryar ta tafi da mai ita. Inda ta yi dariya, inda ta yi jim kafin ta ambaci wani suna, sai dai mu ƙiyasta.

Na'ura ce ta canza lamarin. Gidan rediyon Arewa da aka buɗe a Kaduna a 1962 ya naɗi makaɗa da malamai a faifai, daga baya kaset ya shiga kowane gida. Wannan ne ya ba manazarta damar zama su saurari Mamman Shata, su tsayar, su mayar baya, su rubuta. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a 1975. Littafin Shata Ikon Allah na su Ibrahim Sheme ya fito a 2006, shekara bakwai bayan rasuwar mawaƙin. Sai dai kaset na da ajalinsa: zafi da damshi na cin zaren, wasu kuma an naɗi wa'azi a kansu.

Abin da ya sa na tayar da zancen shi ne Romi. Masaƙar KTL ta Kakuri ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, kuma har yau akwai tsofaffin ma'aikatan masaƙu a unguwannin kudancin kogin nan. Su suka san ƙarar injin da dokar kanti da ranar da albashi ya tsaya. Kullum raguwa suke yi.

Wayarka ta fi na'urar gidan rediyo ta wancan zamani sauƙi, amma sakaci ya fi yawa yanzu. Na taɓa naɗar hirar awa guda kusa da janareto, da na zauna rubutawa rabi ya tafi a banza. Ka nemi ɗaki shiru, ka ajiye wayar kusa da bakin mai magana, ka fara da faɗar rana da wuri, shi kuma ya faɗi amincewarsa da bakinsa. In da hali ka naɗa a WAV. Saƙon murya na WhatsApp matse sauti yake yi. Ka yi bidiyo idan zai nuna aiki, domin “haka ake ɗaura zaren” ba ya rubutuwa sai an ga hannun.

Kuma ko ka gama rubutawa kada ka goge fayil ɗin. Boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na mutane da gari na tuwo duk ɗaya suke a takarda, muryar ce ke raba gardama. Ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a wajen wayar, ka kuma kai wa iyalan dattijon nasu.