Matsalar Jagoranci a Rundunar Haɗin Gwiwa ta Ƙasashen Tafkin Chadi, 2015 zuwa 2025

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin tsarin jagorancin Rundunar Haɗin Gwiwa ta Ƙasashen Tafkin Chadi tun daga sake fasalinta a 2015 har zuwa ficewar Nijar a 2025. Hujjar da maƙalar ta kafa ita ce babban raunin rundunar yana cikin yadda aka raba ikon ba da umarni: an naɗa kwamanda ɗaya, amma kowace ƙasa ta riƙe linzamin sojojinta.

Gabatarwa

Najeriya ce ta kafa rundunar a 1994 domin maganin 'yan fashi da masu fasa-ƙwauri a iyakarta ta arewa maso gabas. A 1998 Chadi da Nijar suka shigo, aka ajiye hedikwata a Baga. A 2012 aka ɗora mata yaƙi da Boko Haram, amma a watan Janairun 2015 mayaƙan ƙungiyar suka mamaye Baga, suka ƙwace hedikwatar kanta. Wannan abin kunya ne ya sa Kwamitin Zaman Lafiya da Tsaro na Tarayyar Afirka ya amince da sabuwar runduna mai dakaru 7,500 a ƙarshen watan, daga baya aka ɗaga adadin zuwa 8,700, aka mayar da hedikwata Njamena ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Tafkin Chadi.

Kwamanda da shiyyoyinsa

An kasa fagen daga shiyya huɗu: ta ɗaya a Mora ta Kamaru, ta biyu a Baga-Sola ta Chadi, ta uku a Baga ta Najeriya wadda daga baya ta koma Monguno, ta huɗu a Diffa ta Nijar. Kowace shiyya na cikin ƙasa ɗaya, kuma sojojin wannan ƙasar ne a cikinta. Kwamandan shiyya daga gida yake karɓar albashi da harsashi da ƙarin girma, don haka idan umarnin Njamena ya ci karo da na babban hafsan ƙasarsa, ba sai an tambayi wanda zai bi ba.

A taron Abuja na watan Yunin 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi amincewa da shawarar karɓa-karɓar kwamanda duk wata shida, bisa dalilin cewa yawan canji zai raunana aiki. Aka bar wa Najeriya kujerar, ita kuma ta yi alkawarin dala miliyan 100. Dalilin Buhari mai ƙarfi ne, sai dai abin da aka tabbatar shi ne ƙasar da kwamanda zai fito, ba daɗewarsa kan aiki ba. Kwamandan farko, Manjo Janar Tukur Buratai, makonni kaɗan ya yi aka ɗauke shi ya zama babban hafsan sojin ƙasa a watan Yuli, Manjo Janar Iliya Abbah ya gaje shi.

Rashin yarda tsakanin ƙasashen yana da tarihi. Najeriya da Chadi sun gwabza kan tsibiran tafkin a 1983, lokacin da Buhari ke jagorantar runduna ta uku a Jos. Kamaru kuwa ba ta manta rikicinta da Najeriya kan Bakassi da yankin Darak ba, waɗanda Kotun Duniya ta yanke hukunci a kansu a 2002. Ƙasar da ta taɓa ganin sojan maƙwabciyarta ya kafa tuta a ƙasarta ba za ta yi saurin ba shi izinin tsallako iyaka yana bin sawun abokin gaba ba.

Kora ba tare da riƙewa ba

An ga illar wannan tsari tun a farkon 2015. Sojojin Chadi sun ƙwato Gamboru da Dikwa, sannan tare da na Nijar suka ƙwato Damasak, amma Shugaba Idriss Deby na Chadi ya koka a bainar jama'a cewa sojojin Najeriya ba sa zuwa su karɓi garuruwan da aka ƙwato. Farmakin da suka biyo baya, Gama Aiki a 2016, Rawan Kada a 2017, Amni Fakat a 2018 da 'Yancin Tafki a 2019, duk salonsu ɗaya: a taru a kai hari, a kori mayaƙa, kowa ya koma shiyyarsa.

Yanayin tafkin yana taimakon mai gudu. Ruwa ne marar zurfi mai cike da ciyawa da ƙananan tsibirai, motar yaƙi ba ta shiga, babban jirgin ruwa ba ya wucewa, sai kwalekwale da wanda ya san hanya. Masunta da makiyaya ne suka san hanyar, kuma su ne manufofin tsaro suka fi cutarwa. Nijar ta kwashe mazauna tsibiranta a 2015 bayan harin Karamga, aka kuma hana cinikin bandar kifi da jan barkono a Diffa domin toshe wa mayaƙa hanyar kuɗi. Da ɓangaren ISWAP ya ɓalle daga Boko Haram a 2016, sai ya buɗe wa mutanen nan ruwa da kasuwa, yana karɓar haraji. A ganin mai wannan nazari, nan ne aka yi asara mafi girma, domin an rasa masu kawo bayanan sirri, kuma babu wani kwamanda ɗaya da ke da ikon daidaita waɗannan matakai a duk faɗin tafkin.

Kowa tasa ta fisshe shi

A ranar 23 ga Maris 2020 mayaƙa suka kashe sojojin Chadi kusan 100 a Bohoma. Deby da kansa ya jagoranci ramuwar gayya, ba ta hannun hedikwatar da ke babban birninsa ba, ya kuma ce Chadi ce kaɗai ke ɗauke da nauyin yaƙin. Bayan harin Barkaram na Oktoban 2024, wanda ya ci sojoji kusan 40, Shugaba Mahamat Deby na Chadi ya yi barazanar janye ƙasarsa. Nijar, wadda dangantakarta da Abuja ta yi tsami tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ta sanar da ficewa a watan Maris 2025, ta ce za ta mayar da hankali kan tsaron wuraren man feturinta.

Abin da ya kamata masu tsara manufa su duba shi ne ware wasu bataliyoyi na dindindin da jiragen ruwansu, a sa su kai tsaye ƙarƙashin kwamandan rundunar, da asusun kuɗi wanda ba zai jira sa hannun kowace fadar shugaban ƙasa ba, tare da wa'adin aiki da ba za a katse wa kwamandan ba. Sai kuma yarjejeniya ta musamman da Yamai kan musayar bayanan sirri a bakin Kogin Komadugu Yobe, ko da Nijar ba ta dawo cikin rundunar ba.